Yadda Karatun Manya Ya Samo Hanyarsa

Kai manomi na Alela, ko na Ƙonni, Malbaza da Illela, da kake karanta wannan takarda da idonka, ka san karatun nan naka yana da tarihi?

Zamanin Nasara, lakkwal ta yara ce, kuma da Faransanci ake yin ta. Babba kuwa, in ba ajami ya sani ba, sai ya kai takardarsa wani ya karanta masa. Nijar ta samu mulkin kai a 1960. A 1963 gwamnati ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci, aka fara koya wa manya da harshensu.

Sai ga wata matsala. Yaya za a koya wa mai furfura? In malami ya ɗauke shi kamar yaro, yana ta sa shi maimaita "ba, bi, bu" ba tare da ya ga amfaninsu ba, kwana kaɗan zai ɗauki tabarmarsa ya koma gida. Kuma da gaskiyarsa. Mutumin da ke ciyar da gida goma ba ya son a yi masa tsawa gaban ƙannensa.

A 1965 ƙasashen duniya suka taru a Tahran, babban birnin Iran, da jagorancin UNESCO. Suka ce a haɗa karatu da sana'ar mutum. A 1966 aka zauna a Bamako don daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da wasu harsuna.

A nan ƙasarmu, wannan shawara ta samu gindin zama a kasuwannin ƙungiyoyin manoma na UNCC. Ka tuna ranar awon gyaɗa ko kaɗa. Buhu yana kan sikeli, wani ya duba, ya rubuta, kai kana tsaye. Kilo nawa ne? Bashin iri nawa aka cire? Abin da aka faɗa maka, shi ke nan. Don haka aka koya wa 'yan ƙauye karanta sikeli, da lissafi, da riƙe littafin kasuwa da kansu. Darasin ya zama na aljihunsu.

Can Barazil kuma, wani malami, Paulo Freire, ya ƙara wani abu. Ya ce kan babba ba rumbu ba ne da babu kome ciki, da za a zo a zuba masa hatsi. Sai a fara da kalmomin da mutane ke faɗa kullum, a yi mahawara a kansu, sannan a rubuta. A 1963, a garin Angicos, mutum wajen 300 suka iya karatu ta haka cikin awa 40. Da soja suka karɓi mulki a 1964, suka kulle shi, daga baya ya bar ƙasar.

In malaminku ya fara da tambayarku kuɗin buhun albasar Galmi kafin ya taɓa allo, kada ku ce yana ɓata lokaci. Ku ba shi amsa, sannan ku ce ya miƙo allin ku rubuta da kanku.