Gasar Zane da Baje Kolin Ayyukan Ɗalibai: Bayani ga Al'ummar Gwandu da Kalgo

Muna gabatar da wannan bayani ne domin iyaye da malamai da jami'an ƙananan hukumomi su san matsayin ilimin zane da ƙirƙira a manyan makarantun ƙasar nan, da hanyar da aikin ɗalibi ke bi har ya kai ga idon jama'a.

Tushen wannan fanni a Arewa yana Zariya. A shekarar 1955 aka dawo da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Tawayen nasu bai wuce wannan ba: sun ƙi yarda su kwaikwayi zanen Turawa kaɗai, suka dage a kan cewa kowane ɗalibi ya haɗa dabarun da ya koya a aji da fasahar garinsu. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya kuwa ga tatsuniyoyin Urhobo. An nuna ayyukan wasunsu a Legas lokacin bikin samun 'yancin kai a 1960.

A ganinmu wannan manufa ta fi dacewa da yankinmu fiye da yadda ake zato. Ɗinkin hula da aikin babbar riga, rini, dukanci, ginin tukwane da sassaƙar ƙwarya, duk kayan aiki ne a hannun ɗan Gwandu ko 'yar Kalgo da ta sami gurbi a jami'a. Iyaye da yawa kan hana 'ya'yansu wannan karatu bisa tunanin cewa zanen surar mutum ne kawai. Ba haka ba ne. Sashen tsara kayan masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello yana koyar da zanen yadi da aikin tangaran da gilashi da tsara littattafai da tambura, kuma sana'o'i ne da ake ci da su.

Game da gasa kuwa, wadda ta fi shahara ita ce LIMCAF, da aka fara a Enugu a 2007 domin matasa 'yan ƙasa da shekara 35, ciki har da ɗalibai. Akan fara nuna ayyukan a cibiyoyin shiyya-shiyya, sannan alƙalai su zaɓi waɗanda za a kai babban baje koli a Enugu. Wasu daga cikin waɗanda suka yi fice an ɗauki nauyin tafiyarsu zuwa baje kolin Dak'Art a birnin Dakar na ƙasar Senegal.

Ɗalibin karkara yakan rasa shiga gasa irin wannan ne saboda kuɗin kayan aiki da na jigila. A nan ne ƙaramar hukuma za ta iya tallafawa, ko kuma ta ba da aron zauren taro a nuna ayyukan ɗaliban yankin lokacin hutu, musamman a Kalgo, inda mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, yake.