Zoben baiko

Zoben baiko, wanda wasu ke kira zoben alkawari, zobe ne da mai neman aure ke bai wa wadda yake nema domin ya zama shaidar cewa sun amince za su auri juna. Al'adar ta fi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka, daga can ne kuma ta bazu zuwa wasu sassan duniya. Galibi ana ƙera zoben da zinariya ko filatinom, a ɗora masa dutse mai daraja, wanda a yau ya fi zama daimon, dutsen da Hausawa da dama ke kira lu'ulu'u. Ya bambanta da zoben aure, wanda ake sanyawa ranar ɗaurin aure kuma sau da yawa ba shi da dutse. Ana iya sayen zoben baiko a kanti yadda aka riga aka ƙera shi, ana kuma iya bayar da oda a ƙera shi daga tushe daidai da wadda za ta sanya shi.

Tarihi

Tun zamanin daular Rum ake da al'adar aika wa amarya zobe kafin aure. Marubuci Pliny Babba, wanda ya rayu a ƙarni na farko, ya ambaci cewa zoben baƙin ƙarfe ne marar dutse ake aika mata. Mutanen da sun yi imani cewa akwai jijiya da ta tashi daga yatsan da ke maƙwabtaka da ƙaramin yatsa na hannun hagu ta zarce zuwa zuciya. Ilimin likitanci bai tabbatar da hakan ba, amma har yanzu a wannan yatsa ake sanya zoben a Birtaniya da Amurka. A shekarar 866, Fafaroma Nicholas na Ɗaya ya rubuta wa sarkin Bulgeriya wasiƙa, inda ya lissafa bayar da zobe a cikin abubuwan da Kiristocin Yamma ke yi lokacin baiko.

Zoben baiko mai daimon da aka fi ambata a matsayin na farko shi ne wanda Maximilian na Austiriya ya bai wa Mary ta Burgundy a 1477. Bayan haka an shafe ƙarnoni daimon yana hannun sarakuna da attajirai kawai, domin a Indiya ake samun akasarinsa, daga baya kuma a Brazil. Ba lallai ne ma zoben baiko ya kasance da daimon ba. Wanda Yarima Albert ya bai wa Sarauniya Victoria ta Ingila siffar maciji gare shi, kuma zumurrudu ne babban dutsensa.

Abubuwa sun sauya bayan gano daimon a Afirka ta Kudu a 1867, da buɗe ma'adinan Kimberley a 1871. A 1888 Cecil Rhodes ya haɗe manyan ma'adinan ƙarƙashin kamfanin De Beers, wanda ya daɗe yana juya kasuwar daimon ta duniya. A 1886 kamfanin Tiffany na birnin New York ya fito da wata ƙira mai ƙananan ƙafafu shida da ke ɗaga dutsen sama domin haske ya shige shi ta kowane ɓangare. Wannan ƙira ce ta zama siffar da mutane suka fi sani a yau.

Tasirin talla

Ganin cewa cinikin daimon ya faɗi a lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, De Beers ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer a 1938. A 1947 wata ma'aikaciyar kamfanin, Frances Gerety, ta rubuta taken tallan da ke nuna cewa daimon abu ne na har abada. Tallace-tallacen sun ɗaure daimon da soyayya, sun kuma cusa ra'ayin cewa ya kamata namiji ya kashe albashin wata ɗaya a kan zobe, daga baya aka mayar da shi wata biyu. A Japan, inda al'adar ba ta da tushe, amaren da ke karɓar zoben daimon ba su kai kashi 5 cikin 100 ba a 1967, amma zuwa 1981 sun kai kimanin kashi 60 cikin 100, kamar yadda ɗan jarida Edward Jay Epstein ya ruwaito. Saboda haka ƙa'idar albashin wata biyu ba dokar addini ba ce, ba kuma tsohuwar al'ada ba ce: daga talla ta samo asali.

Zaɓen dutse

Cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, wato GIA, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ita ce ta yaɗa ma'aunai huɗu da ake tantance daimon da su.

Na farko shi ne nauyi. Ana auna shi da karat, kuma karat ɗaya daidai yake da giram 0.2. Farashi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, domin manyan duwatsu sun fi ƙaranci: dutse ɗaya mai karat 2 ya fi duwatsu biyu masu karat ɗai-ɗai tsada. Farashi kan kuma yi tsalle a kan cikakkun lambobi, shi ya sa dutse mai karat 0.9 ke da rangwame sosai a kan mai karat 1, alhali ido ba ya cika bambance su.

Na biyu shi ne launi. Ana jera farin daimon daga harafin D, wanda ba shi da launi ko kaɗan, zuwa Z, mai ɗan rawaya ko ruwan ƙasa. Na uku shi ne tsabta, wato yawan tabo da ɗigo-ɗigon da ke cikin dutsen idan aka duba shi da madubi mai ƙara girma sau 10. Tabo da yawa ba a ganinsu sai da madubin.

Na huɗu shi ne yanka, kuma shi kaɗai ne aikin hannun mutum. Yadda aka daidaita kusurwoyin dutse shi ke sa haske ya dawo wa mai kallo ko ya zurare ta ƙasa. Yankan da ya fi shahara shi ne zagayayye mai fuskoki 57 ko 58, wanda Marcel Tolkowsky ya fitar da lissafinsa a 1919. Masana da dama na ba da shawarar a fifita yanka a kan sauran ma'aunan, tun da ƙaramin dutse mai kyan yanka ya fi babba marar kyan yanka ƙyalli.

Tunda zoben baiko abu ne da ake sanyawa kullum, ana wanki da girki da shi, taurin dutsen yana da muhimmanci. A ma'aunin Mohs daimon yana mataki na 10. Yaƙutu, ja ko shuɗi, yana na 9. Zumurrudu yana tsakanin 7.5 da 8 kuma yana saurin tsagewa, shi kuwa opal bai wuce 6.5 ba. Shuɗin yaƙutu ya ƙara farin jini bayan zoben da Diana ta zaɓa a 1981, wanda ɗanta Yarima William ya bai wa Catherine Middleton a 2010.

Akwai kuma daimon ɗin da ake haɗawa a ɗakin gwaji. Kamfanin General Electric ya yi nasarar haɗa shi a 1954, kuma wanda ake sayarwa a yau sinadarinsa da taurinsa ɗaya ne da na haƙowa. Ya fi arha nesa ba kusa ba, farashinsa kuma na ci gaba da sauka, don haka ba ya riƙe daraja idan aka tashi sayarwa. Moissanite wani dutse ne daban mai kama da daimon, taurinsa 9.25, kuma ya fi duka biyun sauƙin kuɗi.

Zaɓen ƙarfe

Kalmar karat da ake faɗa wa zinariya ba ta nufin nauyi, tana nufin tsabta ne. Karat 24 zinariya ce zalla, amma ta yi laushi da yawa, ba ta riƙe dutse da kyau. Karat 22 na ɗauke da zinariya kashi 91.6 cikin 100, karat 21 kashi 87.5, karat 18 kashi 75, karat 14 kuma kimanin kashi 58.5. Wannan ne ma'anar lambobin 916 da 875 da 750 da 585 da ake bugawa a cikin zobe. Ga zobe mai dutse an fi amfani da karat 18 ko 14, saboda ƙafafun da ke riƙe dutsen ba sa saurin lanƙwashewa.

Farar zinariya gauraye ce da wasu fararen ƙarafa, ana kuma shafa mata rodiyom, wanda ke gogewa bayan 'yan shekaru a sake shafawa. Wadda aka gauraya da nikel kan jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Filatinom fari ne tun asali, ya fi zinariya nauyi, kuma ba kasafai fata ke ƙinsa ba.

Zoben oda

Bambancin zoben oda da na kanti kamar bambancin ɗinkin tela ne da rigar da aka saya a ɗinke. Aikin yana farawa da tattaunawa tsakanin mai saye da maƙeri a kan kuɗin da za a kashe, da irin dutse da ƙarfe, da sana'ar wadda za ta sanya zoben. Daga nan a zana shi a takarda ko a kwamfuta, a fitar da samfuri na kaki wanda za a iya gwadawa a yatsa. Idan an amince, sai a lulluɓe kakin da wani abu mai kama da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, sannan a zuba narkakkiyar zinariya a gurbin da ya bari. A ƙarshe a goge zoben, a dasa dutse, a zana suna ko kwanan wata idan ana so. Wannan dabarar zubi tsohuwa ce a Afirka ta Yamma: da ita aka yi kayan tagullar Igbo-Ukwu da Ife da Benin, da ita kuma maƙeran Asante ke aikin zinariya. Aikin zobe ɗaya kan ɗauki makonni.

Amfanin oda na farko shi ne dacewa. Ma'aikaciyar jinya da ke sanya safar hannu kullum, ko mai aikin ƙulli da ɗinki, ta fi buƙatar zoben da dutsensa ya kwanta a cikin da'irar ƙarfe, maimakon dogayen ƙafafu masu kama zare. Na biyu, mai saye ne ke yanke inda kuɗinsa za su tafi: yana iya rage nauyin dutse ya ƙara kyan yanka, ko ya zaɓi karat 14 a madadin 18. Na uku, ana iya amfani da kayan gado, a narkar da tsohuwar zinariya ko a ciro dutse daga wani abin ado. Zoben da Yarima Philip ya bai wa Gimbiya Elizabeth a 1947 an yi shi ne da daimon ɗin da aka ciro daga kambin mahaifiyarsa. Na huɗu, mai saye na iya tambayar asalin dutsen. Batun ya zama babba bayan yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola, inda kuɗin daimon suka sayi makamai, abin da ya kai ga kafa tsarin tantancewa na Kimberley a 2003.

Oda na da nata matsalolin. Yawancin maƙera ba sa karɓar zoben da aka ƙera wa mutum ɗaya idan ya canza ra'ayi. Abin da aka gani a zane ba lallai ya yi daidai da abin da zai fito ba, kuma kuɗin aikin hannu ba ya dawowa ranar sayarwa. Don haka ake son a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da nauyin ƙarfe, da karat, da bayanin dutse, da ranar kammalawa, a kuma karɓi takardar shaidar dutse daga wata cibiya mai zaman kanta. Awon yatsa ma na buƙatar kula, domin yatsa kan kumbura da zafi ko juna biyu, kuma zoben da duwatsu suka zagaye shi gaba ɗaya yana da wuyar faɗaɗawa.

Idan baiko ya warware

Dokoki sun bambanta a kan wanda ke da zoben idan aka fasa aure. A Ingila, dokar 1970 ta ɗauki zoben a matsayin kyauta tsintsa, sai dai idan an nuna cewa da sharaɗin mayarwa aka bayar da shi. A yawancin jihohin Amurka kuwa kotuna na kallonsa a matsayin kyauta mai sharaɗi, wadda ake mayarwa idan aure bai yiwu ba.

A ƙasar Hausa

Zobe ba ya cikin ginshiƙan baiko na gargajiyar Hausawa. Abin da ke tabbatar da baiko shi ne haɗuwar magabatan ɓangarorin biyu, da raba goro da alewa, sannan a sa rana. Zinariya kan shigo ne ta cikin lefe, a matsayin sarƙa da ɗan kunne da warwaro da zobe, kuma an fi son ta karat 21 ko 22 saboda ana ɗaukarta a matsayin ajiya da mace za ta iya sayarwa ranar buƙata. Ƙirar oda ba baƙuwa ba ce, domin maƙeran farfaru sun daɗe suna yi wa mutane zobban azurfa daidai yatsunsu. Bayar da zobe lokacin baiko ko wajen liyafar biki ya shigo birane ne ta hanyar fina-finai da kafafen sada zumunta. Malamai sun yi saɓani a kansa: wasu na ganin kwaikwayon baƙuwar al'ada ne, wasu kuma na ɗaukarsa kyauta ce kamar kowace kyauta. Mafi yawan malaman Musulunci sun haɗu a kan cewa namiji ba ya sanya zinariya, shi ya sa inda ango zai sanya zobe akan yi masa na azurfa.

Duba kuma

Baiko
Lefe
Zinariya
Daimon
Ƙira