Ordinatar da ta yi shiru: tarihin pilote a Maraɗi

Duk wanda ya taɓa kai ordinatar tai wurin mai gyara a Maraɗi anka yi mata formataj, ya dawo gida ya tarar babu sauti, ya san abin da ake kira pilote, wanda mutanen Kano ke ce ma direba. Ɗan ƙaramin shiri ne da ke tafinta tsakanin Windows da kayan na'ura. In babu shi, imprimante ba ta bugu, micro ba ya ɗaukar murya.

Tun 1995 Windows 95 ta zo da tsarin da na'ura za ta gane abin da anka jona mata da kanta. Amma nan wajenmu sai zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, akasarinmu munka fara taɓa ordinatar. Lokacin kowane sabon kaya da faifan CD nai yake zuwa. Namu kuwa kwance ne, daga Turai ko daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, faifan ya daɗe da ɓata.

Ga inda gizo ke saƙa: bayan formataj, pilote na intanet ma ya tafi, to da mi za ka sauko da sauran? Mai shagon buga takardu a Tibiri ko Jiratawa sai ya hau kabu-kabu ya taho siber cikin gari. Ni kaina na taɓa rasa shiri guda na rediyo, muryoyin manoma na cikin na'ura, sauti ya ƙi fita.

Windows 7 a 2009, sannan Windows 10 a 2015, sunka sauƙaƙa abin: ka jona intanet, ita ke nemowa. Sai dai Microsoft ta daina kula da XP a 2014, Windows 7 a 2020, Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba 2025. Tsohuwar imprimante mai ci da iyali tana iya rasa pilote a sabon tsari.

Don haka kafin formataj, ku aje pilote ɗinku a kile USB. Ku duba Gestionnaire de périphériques, alamar ruwan ɗorawa na nuna inda ciwon yake. Ku sauko daga shafin kamfanin da ya ƙera, ba ko'ina ba.

Wa ke tuna zamanin faifan CD? Ku ba mu labari.