Yadda Dokar Lafiya ta Obama Ta Sha da Ƙyar a Majalisa

Majalisar Dattawan Amurka tana da kujeru 100, amma a ƙa'idarta ƙuri'a 51 ba ta wadatarwa. 'Yan adawa na iya jan muhawara ba iyaka, sai an tara ƙuri'a 60 a tsayar da su. A ƙarshen 2009 jam'iyyar Democrat da ƙawayenta suna da 60 cif, 'yan Republican kuwa sun yi kunnen uwar shegu da shirin inshorar lafiya na Shugaba Barack Obama. Don haka kowane sanata ya zama ɗan lele. Joe Lieberman ya ce ba ya son inshorar gwamnati, aka cire ta. Ben Nelson sai da aka yi wa jiharsa Nebraska alkawarin kuɗi na musamman, cinikin da ya zubar da mutuncin dokar a idon jama'a. Ranar 24 ga Disamba aka zartar da ita da ƙuri'a 60 da 39.

Ba a yi wata guda ba lissafin ya rushe. Kujerar marigayi Ted Kennedy, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana fafutukar wannan gyara, ta faɗa hannun ɗan Republican, Scott Brown, ranar 19 ga Janairu 2010. Da yawa suka ce magana ta mutu.

Nancy Pelosi, shugabar Majalisar Wakilai a lokacin, ta ƙi yarda. Ta lallashi 'yan jam'iyyarta su amince da daftarin Dattawa yadda yake, don kada ya sake komawa can. Ranar 21 ga Maris ya wuce da ƙuri'a 219 da 212, babu ɗan Republican ko ɗaya. Gyare-gyaren da suke son yi wa daftarin kuma aka bi da su ta ƙofar dokar kasafin kuɗi, inda ƙaramin rinjaye ya isa, a nan ne ma aka soke kuɗin Nebraska. Obama ya sa wa dokar hannu ranar 23 ga Maris.

Dabarar ta jawo wa 'yan Democrat tsada: a zaɓen Nuwamba suka rasa kujeru 63 a Majalisar Wakilai. A ganina duk da haka sun yi daidai, domin dokar ta haramta wa kamfanonin inshora korar mutum saboda tsohuwar cutarsa, miliyoyi kuma suka samu damar ganin likita. A Yuli 2017 yunƙurin rusa ta ya faɗi a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 51 da 49, bayan 'yan Republican uku, har da John McCain, sun juya wa jam'iyyarsu baya.