Zaren Tsamiya da Zaren Gizo-gizo: Wa Zai Iya Saye?

Tun kafin masana su fara dasa ƙwayar gadon gizo-gizo a jikin akuya, ƙasar Hausa tana da nata silikin. Zaren tsamiya ke nan, wanda wata tsutsar daji mai suna Anaphe a bakin masana take saƙa gidanta da shi. A tsinto gidan, a dafa da toka, mata su kaɗa da mazari, maɗinka su zuba aska takwas a gaban babbar riga. Irin wannan aiki ne ya ƙawata rigunan manyan daular Usmaniyya, har da na Gwandu, birnin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Tarihin zaren nan ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da alkawuran kamfanonin da ke cewa silikin gizo-gizo ne tufar gobe.

Ingancin silikin gizo-gizo ba abin musu ba ne. Idan nauyi ya zo ɗaya, zaren da gizo-gizo ke rataya da shi yana gogayya da ƙarfe, ga shi kuma yana miƙewa kafin ya tsinke. Sai dai gizo-gizo ba ya kiwuwa, don in an tara su wuri guda cinye juna suke yi. Wata alkyabbar zaren gizo-gizo da aka saƙa a Madagaska, aka baje ta a Landan a 2012, sai da aka tatsi gizo-gizo sama da miliyan ɗaya kafin ta samu.

Shi ya sa aka koma aron jikin wata halitta. Kamfanin Nexia na Kanada ya samar da awakin da furotin ɗin silikin ke fita a nononsu, ya raɗa wa zaren suna BioSteel, amma a 2009 ya durƙushe. Kraig Biocraft na Amurka ya zaɓi tsutsar siliki, wadda ita ce da kanta take kaɗa zaren, ya kai kiwonta Biyetnam. Spiber na Japan, da aka kafa a 2007, bakteriya yake ciyarwa da sukari a manyan tankuna, su haɗa masa furotin.

Labarin Spiber ya fi koyarwa. A 2015 ya nuna rigar sanyi mai suna Moon Parka, sai aka tarar zaren yana tsukewa in ya jiƙe, halin da ya gado daga gizo-gizon kansa. Aka koma aka sake tsarin furotin ɗin, ya yi nisa da na asali. Da rigar ta fito kasuwa a 2019, guda 50 aka yi, kowace a kan yen 150,000. Haka Bolt Threads na Kalifoniya ya yi a 2017: nakatai 50, kowane dala 314.

To, wannan ai kasuwar zaren tsamiya ce, ta mai sarauta da mai hali. Mai sayen yadi a kasuwar Dodoru ko Kalgo ba ya tambayar nauyin da zare zai ɗauka kafin ya tsinke. Kuɗin yadin yake tambaya, da ko zai jure wanki da rana. Masaƙun Kaduna ma ba raunin auduga ya rufe su ba. Tsadar wuta da kwararowar yadi mai arha daga waje ne suka durƙusar da KTL, wanda ya fara aiki a 1957, da UNTL da ya tsaya a 2007.

Ana iya cewa kowace sabuwar fasaha da tsada take farawa, kuma akwai gaskiya a ciki. A 2023 masana a Jami'ar Donghua ta Sin sun ba da rahoton tsutsar siliki da ta kaɗa cikakken zaren gizo-gizo, mai juriya ninki shida na Kevlar da ake yin rigar sulke da shi. Amma abokan hamayyar zaren gizo-gizo, nailan da foliyesta, daga man fetur ake yin su, ton miliyoyi a shekara. Inda zaren zai fara samun gindin zama shi ne inda giram kaɗan ke da daraja: ɗinkin tiyata, kayan sojoji, da ado na masu kuɗi.