Wa Ke Tsaron Ƙofar Maganar Talaka?

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ya san majalisar mai shayi. Bayan sallar isha'i a zauna a benci, a fara da kukan tsadar shinkafa, kafin ƙwai ya soyu an gangara kan gwamna da 'yan majalisa. Mu da muka ɗauki rubuta manhajar kwamfuta sana'a, tsakanin wannan benci da allon waya muka girma, kuma mun sha jin ana cewa intanet ce ta ba talaka murya. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Talakan Arewa yana da bakinsa tun da can. Abin da ya riƙa canzawa shi ne mai tsaron ƙofa, wato wanda ke zaɓar maganar da za ta wuce benci ta isa kunnen jama'a.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta. Masu karatun boko ba su da yawa a lokacin, don haka kwafi ɗaya kan zaga hannuwa, wani ya karanta da ƙarfi saura su saurara. Mutane sun riƙa aika wasiƙu suna faɗin damuwarsu. Amma jaridar a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka take, kuma wasiƙa ba ta fita sai ta bi ta teburin edita. Ƙofar ƙarama ce, sai dai kowa ya san sunan mai tsaronta, ana iya zuwa a yi masa ƙorafi.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, zancen ya fito daga takarda ya shiga kasuwa. Abin da Malam Aminu Kano da abokansa suka riƙe kuwa abubuwan yau da kullum ne: haraji, jangali, aikin tilas, da zaluncin wasu hakimai da dagatai. A zamanin nan faɗin ra'ayi yana da tsada. Kotunan En'e sun ɗaure magoya bayan jam'iyyar da yawa, Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku saboda ta ce mata su fito a dama da su. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1979. A shekarar ce kuma gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Kusan shekara 30 ke nan tsakanin kukan da biyan bukatar, kuma waɗanda suka fara kukan da sunayensu da fuskokinsu suka yi shi.

Rediyo ta faɗaɗa da'irar. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Iyayenmu sun manne wa waɗannan tashoshi ne saboda na gida duk na gwamnati ne, musamman a zamanin soja, lokacin da Doka ta 4 ta 1984 ta kai 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. Sai a 1992 aka halatta tashoshi masu zaman kansu, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003. A wannan zango ne muka ga talaka ya riƙe makirfo da kansa yana kiran sunan kwamishina. A nan ne kuma aka samu sojojin baka, masu yabo da zagi a kan kuɗin ubangida. Ra'ayi ya zama haja, mai sauraro ya koyi tambayar wa ya biya kuɗin filin.

Wayar salula ta shigo a 2001, bayan wasu shekaru Facebook da WhatsApp suka biyo baya, sai muka ɗauka an cire ƙofar gaba ɗaya. Gwamnati dai ba ta saki ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama igiyar kama masu rubutu har aka yi masa gyara a 2024, sannan an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wannan mai tsaron mun san shi, tsohon hannu ne.

Akwai na biyu da ba a gani, shi ne ya shafi sana'armu. Abin da ke bayyana a allonka wani lissafi ne ya zaɓo shi daga dubban rubuce-rubuce, kuma an gina lissafin ne don ya riƙe ka a kan wayar, saboda a nan kuɗin talla yake. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa a 2017 kamfanin ya ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, maki biyar, alamar yatsa kuwa maki ɗaya, kafin daga baya ya rage. Duk wanda ya taɓa rubuta irin wannan lissafi ya san sakamakon: na'ura ba ta bambanta gaskiya da ƙarya, abin da ya tayar da ƙura take turawa gaba. Ga shi kuma yawancin na'urorin tace kalamai da Turanci aka horar da su, habaici da zambo na Hausa sukan wuce ta gabansu ba su gane ba.

Mun ga amfani da illar wannan bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Kukan kuɗin mota da na masara na gaske ne, kuma waya ce ta haɗa masu kukan har aka fita zanga-zangar Agustan 2024. Ita ce kuma ta yaɗa hotunan yaran da suka yanke jiki a kotu a Abuja a watan Nuwamba, har aka sake su. Amma a wayar nan dai tsofaffin bidiyo suka riƙa yawo da sabon suna, aka riƙa jingina wa mutane maganar da ba su faɗa ba.

A bencin mai shayi, idan ka zuga ƙarya akwai wanda ya san gidanku, zai ce maka, "Haba Malam, a ina ka ji?" Gobe kuma dole ka dawo ka zauna kusa da shi. Abin da muka rasa a allo ke nan, kuma babu kamfanin da zai gina mana shi. Zaɓen 2027 na tafe, za a ɗauki sojojin baka na waya aiki kamar yadda aka ɗauki na rediyo. Mu masu sana'ar, nauyinmu ne mu bayyana wa 'yan uwa da Hausa yadda lissafin nan ke aiki, a rukunonin WhatsApp na dangi da na unguwa inda ake jin maganarmu. Idan kawu ya turo saƙon murya mai zafi, kafin mu tura gaba mu yi masa tambayar bencin: "Kawu, a ina ka ji?"