Waƙafi

Waƙafi (,) alama ce daga cikin alamomin rubutu da ake sanyawa a tsakiyar jimla domin a nuna ɗan dakatawa ko a raba sassanta. Ya bambanta da aya, wadda ke nuna cewa magana ta ƙare. Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, waƙf, wato tsayawa, kuma masu karatun Alƙur'ani sun san ta tun kafin zuwan boko.

Tarihi

Aristofanis, wani masani da ya kula da ɗakin karatu na Iskandariyya kusan shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), shi ake dangantawa da fara amfani da ɗigo don nuna wa mai karatu inda zai numfasa. Siffar waƙafi ta yanzu kuwa ta zauna ne a maɗaba'ar Aldus Manutius da ke birnin Venice na Italiya, a ƙarshen ƙarni na 15. A rubutun Larabci na zamani ana juya shi sama (،). Hausa ta karɓi nata tare da rubutun boko a farkon ƙarni na 20.

Amfaninsa a Hausa

Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa shi ne ware wanda ake kira daga sauran magana, kuma a nan ne rashinsa ya fi ɓarna. "Malam Bala ya iso" labari ne game da mutum ɗaya. "Malam, Bala ya iso" kuwa mutum biyu ne: ana gaya wa Malam cewa Bala ya zo. Haka "Audu ɗan Musa ya rasu" da "Audu, ɗan Musa ya rasu". A baki, karin murya da ɗan shiru su ke raba ma'anonin biyu, amma da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, nauyin ya koma kan waƙafi.

Ana kuma sa shi bayan sharaɗi, kamar "Idan ruwa ya sauka, manoma za su fita", da bayan kalmomi irin su to, a'a da haba, da kuma kafin zancen wani.

Wajen jero abubuwa akwai saɓani. Bahaushe yana maimaita "da" ne: gero da dawa da masara. Ɗalibai da yawa kan rubuta "gero, dawa da masara", wanda tsarin Turanci ne, ko da yake ya yaɗu a jaridu.

A lissafi, Najeriya na raba dubbai da waƙafi (1,500), alhali a Nijar, da ke bin tsarin Faransanci, 1,5 na nufin ɗaya da rabi.

A jarrabawa

A insha'in Turanci na WAEC ana raba maki 50 gida huɗu, kuma 10 daga ciki na ƙa'idojin rubutu ne. Kowane kuskure na nahawu ko harafi ko alama yana cin rabin maki, saboda haka kuskure 20 sun isa su cinye kason baki ɗaya, komai kyan abin da ɗalibi ya faɗa. Wani kuskure da ake yawan gani shi ne haɗa cikakkun jimloli biyu ko uku da waƙafi a inda aya ta dace, har sakin layi guda ya tafi babu tsayawa. Malamai kan shawarci ɗalibi ya karanta abin da ya rubuta a hankali kafin ya miƙa takarda, yana lura da wuraren da muryarsa ta sauka gaba ɗaya, domin a nan aya ake buƙata.